Turbobin Abinger: Tarihin Ƙauyen da Gwamna Lugga Ya Ƙare Kwanansa

Duk ɗalibin da ya taɓa buɗe littafin tarihin Nijeriya ya ci karo da sunan Frederick Lugard, wanda kakanninmu suka laƙaba wa Gwamna Lugga. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka lura cewa lokacin da aka ɗaga shi zuwa majalisar iyayen ƙasa ta Ingila a 1928, an haɗa sarautar tasa da sunan wani ƙauye, aka riƙa ce masa Lord Lugard na Abinger. A can ya zauna bayan ya ajiye aiki a 1919, a can kuma ajali ya cim masa ran 11 ga Afrilu, 1945. Wannan shi ne abin da ya fara jan hankalinmu zuwa ƙauyen. Da muka shiga bin labarinsa kuwa, sai muka tarar cewa tarihin wurin a kan turbobinsa yake kwance, wato 'yan hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonaki da dazuzzuka. Da yawa daga cikinsu sun girmi duk wani gida da ke tsaye a ƙauyen, kuma doka ta hana mai gona ya toshe su, ko da gonar tasa ce halak malak.

Abinger na cikin lardin Surrey, kudu maso yamma da Landan, tsakanin garuruwan Dorking da Guildford. Tarin unguwanni ne a warwatse, biyu daga ciki suka fi suna: Abinger Hammer a cikin kwari, da Abinger Common a kan tudu. Wanda ya dubi tsohuwar iyakar gundumar a taswira zai ga ta miƙe kamar igiya. Tsawonta daga arewa zuwa kudu ya kai mil 9, amma faɗinta a wasu wurare bai wuce rabin mil ba. Maƙwabciyarta Wotton ma haka take. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙasar wannan yanki a shimfiɗe take sala-sala daga gabas zuwa yamma: daga arewa akwai tsaunukan alli masu gajeriyar ciyawa, inda tumaki ke kiwo, sai kwari mai ƙorama da ƙasar noma, sai jigawa mai tudu wadda ba ta ba da amfanin kirki, can kudu kuma sai laka mai danƙo da kurmi ya rufe. Mutanen farko da suka yanka iyakoki sun tabbatar kowane ƙauye ya sami rabonsa daga kowace irin ƙasa, shi ya sa gundumomin suka fito dogaye sirara.

Daga nan ne asalin tsofaffin turbobin. Da kaka, idan itatuwan kurmi suka zubar da 'ya'ya, sai a kora aladu kudu su yi ƙiba, kafin sanyi a komo da su gida. Shekara da shekaru kofato da ƙafa da ruwan sama suna cin dutsen rairayi mai laushi, har wasu hanyoyin suka nutse suka zama kamar kwazazzabo, saiwoyin itatuwa na reto bisa kan mai tafiya. Mu da muka tashi muka ga burtali ba ma bukatar dogon bayani a kan irin wannan hanya, domin mun san dabba ce ke fara shata ta, shari'a daga baya take zuwa. Lokacin da Sarki William na Nomandi ya sa aka ƙirga dukiyar ƙasar da ya ci da yaƙi, a kundin nan na 1086 da ake kira Domesday, an rubuta ƙauyen da sunan Abinceborne, yana da majami'a da maniƙar hatsi mai aiki da ruwa. Kurmi kuwa a wancan kundi da yawan aladun da ake biya a kansa ake kimanta shi.

Bari mu bi gundumar daga arewa mu gangara kudu, kamar yadda makiyayan da suke yi.

A kan tsaunukan alli akwai doguwar hanyar ƙafa mai suna North Downs Way, wadda aka buɗe a 1978, ta tashi daga Farnham har Dover a bakin teku. Ana yawan gaya wa baƙi cewa ta nan mahajjatan Kirista suke bi zuwa Canterbury a zamanin da. Masana tarihi dai sun nuna cewa wannan labari a ƙarni na 19 ya yi ƙarfi, da taimakon masu zanen taswira da marubuta masu son ƙawata abu. Hanyar tsohuwa ce babu shakka, sunan mahajjata ne aka ɗora mata daga baya. Idan aka sauko daga tsaunin aka tsallake layin dogo, sai a shiga wani daji mai rairayi da ake kira Abinger Roughs. A gefen turba a nan akwai gicciye na dutse, alamar wurin da Samuel Wilberforce, bishop na Winchester, ya faɗo daga kan doki ya mutu ran 19 ga Yuli, 1873. Ɗa ne ga William Wilberforce, wanda ya yi fama a majalisar Ingila don a hana cinikin bayi. Shi Samuel an fi tunawa da shi saboda muhawarar Oxford ta 1860, inda ya tashi ya soki ra'ayin Charles Darwin game da asalin halittu.

Abin mamaki, shekara huɗu bayan mutuwarsa, sai ga Darwin ɗin da kansa durƙushe a wata gona da ba ta da nisa da wurin. An tono kufan wani gida na zamanin Rumawa a gandun Thomas Farrer, maigidan Abinger Hall, wanda abokin Darwin ne, daga baya kuma suka zama surukai. A watan Agusta na 1877 Darwin ya zo ya tsaya a kan haƙar. Daɓen Rumawa bai dame shi ba kamar tanar da ke huda shi. Ya lura cewa ƙasar da tana ke fitarwa daga ƙarƙashi tana taruwa a sama kaɗan-kaɗan, har a kwana a tashi ta binne gini ɗungum. Abin da ya gani a Abinger ya shiga littafinsa na ƙarshe, wanda ya fito a 1881, kuma kacokan a kan tana yake.

Daga nan turba ta gangara zuwa ƙoramar Tillingbourne, wadda ke tasowa daga gindin tudun Leith ta yi yamma ta faɗa kogin Wey. Ƙaramar ƙorama ce, wani wurin yaro ma zai iya tsallake ta, amma ta yi aikin da ya fi ƙarfinta. An datse ta wuri-wuri tana juya ƙafafun maniƙa da na masana'antar takarda, a Chilworth kuma har albarushi ta taimaka aka yi. A Abinger, tun ƙarni na 16, ruwan madatsa ke ɗaga wata ƙatuwar guduma da ke dukan ƙarfe a maƙera, daga nan unguwar ta sami sunanta, domin ma'anar Hammer ita ce guduma. Kurmi na ba da gawayi, ƙarfe kuma daga ƙasar lakar kudu ake kawo shi. Da sana'ar ƙarfe ta koma arewacin Ingila inda ake da kwal, sai maƙerar ta mutu wajen 1787. A ƙarni na 19 aka mai da gurbin tafkin fadamar wani lansir da ke tsirowa cikin ruwa mai gudu, ana kai shi kasuwannin Landan ta jirgin ƙasa. Abin da ya rage na tunawa da maƙera shi ne agogon da ke rataye bisa babban titi tun 1909, wanda aka kafa don tunawa da Thomas Farrer. Akwai mutum-mutumin maƙeri a jikinsa, yana ɗaga guduma ya bugi ƙararrawa duk awa. Manyan motoci masu dogon kaya sun sha gogar sa.

A wannan unguwa ce marubucin nan E. M. Forster ya zauna tare da mahaifiyarsa daga 1925 zuwa 1946, a wani gida mai suna West Hackhurst, wanda mahaifinsa ya zana wa wata gwaggonsa. Labarinsa da turba biyu ya isa ya koya mana dokar hanya a Ingila fiye da littafin lauya. Turba ta farko ita ce wadda ta ratsa wani ɗan kurmi mai eka huɗu da 'yan kai, Piney Copse, da ya saya da kuɗin littafinsa A Passage to India, littafin da ya tona yadda mulkin mallaka ke ɓata mai mulki da wanda ake mulka. A 1926 ya rubuta wata maƙala yana yi wa kansa dariya: ga mutumin da ya yi suna wajen sukar masu danne ƙasar wasu, amma da ya mallaki eka huɗu sai ya ji ransa na ɓaci idan ya hangi baƙo yana wucewa ta ciki yana tsinkar 'ya'yan itace. Ba shi da yadda zai yi, domin turbar ta jama'a ce, ta riga shi zuwa. Da ya mutu a 1970 ya bar kurmin ga National Trust, ƙungiyar da aka kafa a 1895 don adana wurare saboda kowa.

Turba ta biyu ita ce wadda mutanen gidansa ke bi ta cikin wata saura su fita zuwa ƙauye. Wannan ba ta jama'a ba ce. Ƙasar ta zuriyar Farrer ce, gidan ma a kan ƙasarsu yake bisa yarjejeniyar haya, saboda haka bin turbar alfarma ce. An daɗe ana 'yar tsama a kanta tsakanin gidajen biyu. Da mahaifiyarsa ta rasu a watan Maris na 1945, ba a jima ba aka ba shi wa'adin tashi, ya tattara ya koma Cambridge a 1946 cikin ɓacin rai. Kayan aro ba ya rufe katara.

To, me ya sa turbar farko ta gagari mai ƙasa? Tsohuwar ƙa'idar shari'ar Ingila ita ce, hanyar da ta zama ta jama'a ta zauna ke nan, ba ta mutuwa don ciyawa ta rufe ta ko don an daina bin ta. Ƙasar da hanyar ke kai tana nan a hannun mai ita, abin da jama'a suka mallaka shi ne ikon wucewa. Dokar 1932 ta ƙara da cewa idan mutane suka yi shekara 20 suna bin hanya a fili, ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, ba kuma da izinin kowa ba, to ana ɗaukar ta zama tasu. A 1949 aka umarci majalisun larduna su zana dukkan irin waɗannan hanyoyi a taswira ta hukuma, wadda kotu ke karɓa a matsayin hujja. A yau kibiya rawaya a jikin dirka na nufin hanyar ƙafa, shuɗiya kuma hanyar da doki da keke ma za su iya bi. Manomin da ya yi huɗa ya bi ta kan turba dole ya gyara ta cikin kwana 14. Wanda yake son a karkatar da ita ko a rufe ta sai ya nemi umarnin hukuma, a manna sanarwa, duk mai ja ya fito ya faɗi dalilinsa. Ingila da Wales na da irin waɗannan hanyoyi kimanin mil 140,000.

Kada mai karatu ya zaci kirki ne ya yi wa masu gandun Ingila yawa. Turbobin nan ɓurɓushin abin da aka ƙwace ne. Tsakanin 1604 da 1914 majalisa ta zartar da dokoki fiye da 5,000 na killace filayen da talakawan ƙauyuka ke kiwo da yin itace a ciki tun kaka da kakanni, abin da ya kusa eka miliyan 7. Dokar 1815 ta ba alƙalai biyu na yanki ikon rufe duk hanyar da suka ga ba ta da amfani, alƙalan nan kuwa galibi su ne masu gandun, yau ka rufe mini tawa gobe in rufe maka taka. Ganin haka ne aka kafa ƙungiyoyin kare turba a York a 1824 da Manchester a 1826. Har a 1932 sai da aka ɗaure mutum biyar saboda sun jagoranci gangamin hawa tsaunin Kinder Scout, inda masu ƙasa suka keɓe don harbin tsuntsaye. Abinger ta tsira da filayenta masu yawa ne domin jigawarta ba ta ba kowa sha'awar noma ba. Kuma maganar ba ta ƙare ba. Lokacin zanen taswirar hukuma an tsallake hanyoyi da dama. A 2020 'yan ƙungiyar Ramblers suka gwada tsofaffin taswirori da sababbi, suka ce fiye da mil 49,000 ba su shiga ba. Dokar shekarar 2000 ta sa wa'adin da bayansa tsofaffin hanyoyin da ba a rubuta ba za su faɗi, aka ɗaga shi daga 2026 zuwa 2031, sa'an nan a watan Disamba na 2024 gwamnati ta ba da sanarwar za ta soke shi.

Daga kwarin maƙera hanya ta haura kudu zuwa Abinger Common, inda tsofaffin alamomin ƙauyen suka taru wuri guda. Ga majami'ar St James, wadda bom mai tashi da kansa na Jamus ya rushe galibinta a watan Agusta na 1944. An sake gina ta, sai kuma aradu ta faɗa mata a 1964 ta kama da wuta, aka sake gyarawa. Shekara goma kafin bom ɗin, a 1934, Forster ya rubuta wasan tarihin ƙauyen don a tara wa majami'ar kuɗi, Ralph Vaughan Williams ya shirya kiɗan. A bakin harabar akwai turun katako da ake sa ƙafafun masu laifi a da, an yi masa 'yar rumfa don kada ruwa ya cinye shi. Bayan majami'ar, a lambun gidan ubangidan ƙasa, akwai wani tsibin ƙasa da Nomawan Faransa, wato mutanen Nomandi, suka tara wajen shekarar 1100. Da Brian Hope-Taylor ya tone shi a 1949 ya sami ramukan dirkokin hasumiyar katako da kafin da ya kewaye ta, binciken da ya taimaka aka gane yadda irin waɗannan ƙananan garu suke. A wata gona kusa kuma, a 1950, Louis Leakey, haifaffen Kenya wanda ya yi suna da tonon ƙasusuwan mutanen farko a Olduvai, ya tone wani rami cike da sassaƙen ƙanƙarar dutse, ya ce mazaunin mafarauta ne na zamanin dutse. An daɗe ana nuna shi a matsayin ɗaya daga cikin gidaje mafi tsufa a Ingila. Masanan baya sun yi shakka, wasu na ganin gurbin itace ne da iska ta tumɓuke. Sassaƙen duwatsun dai na gaske ne.

Gaba kaɗan, cikin itatuwa, gidan Little Parkhurst yake. Asalinsa mazaunin Flora Shaw ne, 'yar jaridar The Times wadda a watan Janairu na 1897 ta ba da shawarar a kira ƙasarmu Nijeriya. Ta auri Lugga a 1902, ta mutu a gidan a 1929. A nan ya zauna ya rubuta The Dual Mandate, wanda ya fito a 1922 ya zama kamar littafin karatun ma'aikatan mulkin mallaka, daga nan kuma yake tashi zuwa Janeba wajen taron kwamitin Majalisar Ƙawancen Al'ummai mai lura da ƙasashen amana. Margery Perham, wadda ta rubuta tarihin rayuwarsa, ta sha zuwa gidan. Ko a tsufansa bai cire hannu daga sha'anin Arewa ba. Malam Abubakar Imam ya gana da shi a tafiyarsa ta Ingila a 1943, ya kuma rubuta masa koke-koken mutanen Arewa game da yadda ake tafiyar da mulki.

A nan ne muka ga ya kamata mu dakata. A watan Maris na 1903, kwanaki kaɗan bayan an ci Sakkwato, Lugga ya tara Waziri da manyan gari ya sa aka fassara masu jawabinsa. Gundarin maganar shi ne, yadda Fulani suka sami mulki da takobi, haka yanzu ya fita daga hannunsu da takobi ya koma hannun Ingila, da naɗin sarakuna, da haraji, da iko na ƙarshe a kan ƙasa, har gwamnati na iya ɗaukar duk filin da take bukata. A zama ɗaya aka yanke hukuncin ƙasar da ta fi Ingila girma, babu sanarwa a jikin dirka, babu ranar sauraron mai ja. Mutumin da ya faɗi wannan magana ya koma ya yi shekara 26 a gundumar da ko ubangidan ƙasa ba shi da ikon kafa ƙaya a turbar da tsohuwa ke bi zuwa majami'a sai ya bi ta hannun shari'a. Ba mu ce ya yi abin da ba a saba gani ba. Sarki William ma da hujjar takobi ya raba ƙasar Ingila ga mayaƙansa bayan 1066, tsibin nan na bayan majami'a shaida ne. Bambancin shi ne mutanen Abinger sun sami ƙarni takwas suna ja-in-ja da jikokin waɗanda suka ci su, har suka ƙwato ikon taka ƙasa, yayin da mu kuwa aka kawo mana hujjar ɗanya. Forster mai sukar daula da Lugga mai gina ta sun yi shekara ashirin suna zaune mil kaɗan tsakaninsu, wata guda ne kuma ya raba rasuwar mahaifiyar wancan da mutuwar wannan.

Wanda ƙafarsa ba ta gaji ba zai iya ci gaba kudu, ya ratsa kurmi ya haɗu da hanyar Greensand Way, ta kai shi ƙololuwar tudun Leith da ke gefen gundumar. Tsayinsa mita 294 ne, wato ya gaza ƙafa 1,000 da kaɗan. A 1765 wani mai hali da ke zaune a gindin tudun, Richard Hull, ya nemi izinin zuriyar Evelyn na Wotton masu ƙasar, ya gina hasumiya a kai don ta cike gurbin, ya bar ta a buɗe ga duk mai son hawa. Da ya mutu a 1772 aka binne shi a ƙarƙashinta. Daga baya ta lalace, aka cika cikinta da ɓaraguzai aka toshe ƙofar, sai a 1864 aka gina mata matakala ta gefe. Tun 1923 tana hannun National Trust. Ranar da gari ya yi garau, wanda ya hau yana hangen dogayen gine-ginen Landan daga arewa, daga kudu kuma ƙyallin teku ta wani gibi a tsakanin tsaunuka.